Masu gida a ƙarƙashin dutse

Rafukan damina na duwatsun Rurum ba sa daɗewa. Ruwa ya sauko daga kan fa, ya kurɗa tsakanin duwatsu ya gangara, kafin hunturu ya kankama ya ƙafe. Amma wanda ya ɗaga dutse a cikin ruwan yakan tarar da masu gida. Ɗan mazari na nan, mummuna, launin laka, yana kwanton ɓauna. Wata da watanni yake yi a ruwa yana cin tsutsar sauro da ƙananan ƙwari, sannan ya hau kara, ya tuɓe fata, ya tashi. Mu mazarin sama kawai muka sani.

Wanda ya fi sa ni tunani shi ne wani ƙwaro mai shafaffen jiki da wutsiya biyu, masana na ce masa Neoperla. Ba ya shiri da kwantaccen ruwa, sai mai gudu wanda iska ta ratsa, irin na rafukan tsauni da ba sa yankewa da rani. Shi ya sa masu binciken ruwa ke nemansa: da zarar taki da maganin feshi sun yi yawa a rafi, yana cikin masu fara ɓacewa.

Mu kuwa ba haka muke duban ruwa ba. An kammala madatsar Tiga a 1974, ruwanta ke shayar da shinkafar Kadawa da Kura. Da buhu muke auna alherin ruwa. Ban taɓa jin manomi ya tambayi abin da ke ƙarƙashin dutse ba, ban kuma ga laifinsa ba, ga kuɗin taki, ga bashin mai injin ban ruwa.