Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Wannan mako labarin wata tafiya na kawo muku wadda ban yi ba tukuna, amma shekara guda ke nan ina shirinta.

Mafarin abin kuwa, wata rana ina koyar da labarin ƙasa, na ce wa yara ruwa ya rufe wajen kashi 7 cikin 10 na duniya. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, kin taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinsa?" Kunya ta kama ni, don a sa'an nan ko iyo ban iya ba. Da na koma gida na ba maigidana labari. Ya yi dariya, ya ce in na iya iyo kafin shekara ta kewayo, shi zai raka ni mu gano. Na ce na riƙe shi a kan maganarsa. A watan nan na shiga adashi.

Wurin da muka zaɓa sunansa Bali. Ba Balin Taraba ba fa. Wannan tsibiri ne a ƙasar Indonesiya, can gabas mai nisa. A arewa maso gabashinsa akwai wani dutse mai aman wuta, Agung, tsawonsa ya fi mita 3,000. A gindinsa, bakin teku, akwai wani ƙauye, Tulamben, tafiyar wajen awa uku a mota daga filin jirgin sama. Gaɓar wurin baƙar tsakuwa ce da baƙin rairayi, duk daga cikin dutsen nan suka fito.

Ga abin da ke kai mutane can. A watan Janairu 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani jirgin Japan mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya harbi wani jirgin kaya na Amurka mai suna Liberty. Aka yi ta jansa, ruwa na shiga, har aka gaji aka jingine shi a gaɓar Tulamben. Shekara 21 yana nan a yashe. A 1963 Agung ya yi aman wuta, mutum fiye da 1,000 suka halaka, girgizar da ƙasa ta yi kuma ta zame da jirgin cikin teku. Yau yana kwance kusa da gaɓa, tsawonsa wajen mita 120, samansa a zurfin mita 5, ƙasansa a wajen mita 30. Murjani ya lulluɓe ƙarfen, kifi iri iri sun mai da shi gida. Ba a bukatar kwalekwale, da ƙafa a ke shiga ruwan daga gaɓa.

Wani abin da ya ƙara mini sha'awa, matan ƙauyen ne su ke ɗaukar wa baƙi tukwanen iska zuwa bakin ruwa. A ka su ke ɗauka, da gammo, kamar yadda mu ke ɗaukar tulu, suna tafe bisa tsakuwa ba tuntuɓe. Da wannan aiki su ke samun na cefane.

Watakila wata ta ce, mene ne tukunyar iska? Ƙarfe ne kamar tukunyar gas, an ɗura masa iska irin wadda mu ke shaƙa. Mai nutso ya kan goya ta kamar ɗa, ya sa bakin tiyo a bakinsa, ya yi ta numfashi a ƙarƙashin ruwa. Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su suka ƙago irin wannan na'ura a 1943. Akwai kuma tabarau mai rufe ido da hanci, da takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da rigar roba wadda ta ke rufe jiki daga wuya har idon sawu.

To, sai shiri. Na fari shi ne iyo. Ba a ba mutum takardar shaidar nutso sai ya yi iyon mita 200 ba hutawa, ya kuma tsaya bisa ruwa minti 10. Wata uku na yi ina koyo wurin wata malama, na sha ruwa ba kaɗan ba, amma yanzu na iya.

Na biyu likita. Mai asma, ko ciwon zuciya, ko ciwon kunne, ba ta shiga sai likita ya yarda. Mai juna biyu kuwa ba ta nutso ko kaɗan, don yana iya cutar da abin da ke cikinta. Mun yi magana da maigida, in haka ta samu, an ɗaga tafiya ke nan, ba gardama.

Na uku koyon nutson kansa, kwana uku zuwa huɗu a hannun malami. Sabon shiga ba ya wuce mita 18, watau kamar rijiya mai gaba 10. Da na karanta dokokinsu sai na ga kusan duk magana ɗaya su ke yi: kada ki yi gaggawa.

Dalili kuwa, ruwa nauyi gare shi. A zurfin mita 10 abin da ke danne jikinki ya ninka na tudu sau biyu. Saboda haka a hankali a ke sauka, ana toshe hanci ana hurawa kaɗan kaɗan don kada kunne ya yi ciwo. Ba a kuma riƙe numfashi. Iskar da kika shaƙa a mita 10, in kika riƙe ta kika taso, sai ta kumbura ninki biyu, ta yi wa huhu rauni.

Tasowa ma a hankali. Kin ga yadda kwalbar lemo ke yin kumfa in an buɗe ta farat ɗaya? Haka wata iska da a ke kira naitirojin ta ke yi a jinin wanda ya taso da sauri, har ta kan shanye jiki ko ta yi kisa. Shi ya sa a kan tsaya minti 3 a mita 5 kafin a fito. Wanda ya yi nutso sau da yawa kuma ba ya hawa jirgin sama sai bayan awa 18 a ƙalla. Hawan dutse ma haka. Don haka muka ware ranar ƙarshe ta zama ta hutu da sayen tsaraba. Kuma ba a nutso mutum ɗaya, kowa da abokinsa, suna magana da hannu kamar bebaye.

Na huɗu lokaci. Ranin Bali daga wajen Afrilu ne zuwa Oktoba, ya yi daidai da dogon hutunmu na Agusta. Amma za mu riƙa sauraron labarin dutsen, ga ma ba mutuwa ya yi ba, barci ya ke yi. A watan Nuwamba 2017 tokarsa ta sa aka rufe filin jirgin sama, aka kwashe dubban mutane daga ƙauyukan gindinsa.

Da na gaya wa Inna, sai ta riƙe baki ta ce, "Ke kifi ce? Ruwa ba sa'an kwando ba ne." Na ce, "Gaskiyarki, Inna. Shi ya sa na yi shekara ina shiri." Har yanzu dai ba ta saki jiki ba, amma ta sa albarka.

Na san ba kowa ce za ta je Bali ba. Amma kowace damina mu kan ji kududdufi ya ci yaro, mu kuwa iyakar maganinmu mu ce kada a je. Yaro kuwa sai ya je. Ni dai ko tafiyar nan ba ta yiwu ba, na riga na ci riba, don yanzu in na faɗa ruwa na san yadda zan fita. Iyaye, ku nema wa 'ya'yanku mai koya musu iyo, maza da mata. Ku kuma 'yan makaranta, ku yi ta tambaya kamar yarinyar nan tawa.

In Allah Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, zan kawo mata amsarta, ku ma ku ji. Ku huta lafiya.