Ashe Bununi Ne!

Goggo ce ta dawo daga Umara ta miƙo mini wata 'yar kwalba, ta ce a riƙa zuba cokali guda a kunu ko a kindirmo, wai yana ƙara kuzari. Na buɗe, na zuba kaɗan a tafin hannu. 'Yan ƙwayoyi ne kamar gero, wasu rawaya, wasu ruwan goro, wasu har baƙi-baƙi. Na tauna guda: ɗan zaƙi, sai gari-gari, can ƙarshe ɗan ɗaci ya biyo baya. A jikin kwalbar an rubuta hububul liƙah da Larabci, bee pollen da Turanci, a ƙasa kuma da ƙananan haruffa, Apis mellifera.

Na ce yauwa, ga sunan tsiron nan na kama. Ina dubawa sai na ga ba tsiro ba ne ko kusa, sunan ƙudan zuma ne da kansa! Masanin nan ɗan Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa masa a 1758, ma'anarsa da Latin mai ɗauke da zuma. A 1761 ya so ya gyara ya mai da shi mellifica, mai yin zuma, amma ƙa'idar masana ita ce sunan farko ke tsayawa, don haka gyaran bai ci ba. Ni dai abin ya tsaya mini a rai. Ka tambayi abin da ke cikin buhu, a ba ka sunan ɗan dako?

Da kwalbar a aljihu na je gida cikin damina, na sami Kawu a gindin ɗorawar da yake ɗora amyoyinsa. Ya murtsuke ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu, ya shinshina, ya fashe da dariya.

"Kai yaro, wannan aka ɗauko maka tun daga Makka? Ai bununi ne."

"Wane bununi, Kawu?"

"Gobe da sassafe ka biyo ni gona."

Raɓa ba ta bushe ba muka shiga masara. Ƙudan zuma sun rufe kan kara, sai ƙugi kake ji. Kawu ya tanƙwaro mini ɗaya, na kai ido dab da shi, sai ga ta: ƙudar ta yi buɗu-buɗu da rawayan gari, tana share jikinta da ƙafafun gaba, tana turawa baya, a kowace ƙafar baya kuwa ga ɗan curi ya manne kamar an ɗaura mata ƙunshi. Sak abin da ke cikin kwalbata! Tsigar jikina ta tashi. Wannan ƙurar da ta sha ɓata mini riga ina yaro, Inna na faɗa, ita ce ake sakawa a kwalba a manna mata sunaye uku.

Daga nan komai ya warware mini. Ƙudar tana jiƙa garin da ruwan fure da yawunta ta dunƙule shi. A fita ɗaya yawanci fure iri ɗaya take bi, shi ya sa kowace ƙwaya da launinta. Masu kiwon zuma na zamani suna kafa wani allo mai ramuka kimanin milimita 5 a bakin akwati, ƙudar na kutsawa curin ya faɗi cikin tire. Wanda ya tsira ya shiga saƙa, a danna shi a ramuka, ya yi tsami, ya zama abincin 'ya'ya. Shi kuma a kasuwa ana ce masa bee bread ko perga.

Ke nan abin ba shi da sunan kimiyya guda ɗaya, sunansa na gaskiya sunan tsiron da aka ɗebo shi ne. Na masara Zea mays, na ɗorawa Parkia biglobosa, na kaɗanya Vitellaria paradoxa. Wanda ya fi girgiza ni shi ne pu huang na 'yan Sin, da ake jerawa cikin sunayen bee pollen alhali da hannu ake kakkaɓo shi: garin Typha ne, wato dangin kacalla, wannan ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru! Ƙudanmu na Afirka ta Yamma ma ashe da nasa laƙabin, adansonii, don tunawa da Michel Adanson, Bafaranshen da ya sauka Senegal a 1749. Sunan mutumin nan ne dai a kan kuka, Adansonia digitata. Miyarmu da zumarmu, kakansu ɗaya a takarda.

Kwalbar da ba ta faɗi furen ba, a ganina, ba ta faɗi komai ba, domin amfanin abin yana sauyawa daga tsiro zuwa tsiro. Haɗarin ma haka. Mai asma, da wanda ƙurar fure ke sa wa atishawa da kumburi, cokali ɗaya na iya toshe masa numfashi. Mai ciki da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin su tambayi likita tukuna. In bai bushe da kyau ba kuwa, funfuna yake yi.

Da yamma na zazzage kwalbar a farin faranti, na zauna ina tsince ƙwayoyin da tsinke, har na tara tsibi biyar, kowanne da launinsa. Kawu na gefe yana kallo. Ya tambayi nawa Goggo ta saye ta, na gaya masa. Ya yi shiru, ya ɗaga kai ya dubi ɗorawa.

"Ramin allon nan," in ji shi, "milimita nawa ka ce?"