Sheƙin Motar Gwangwani

Hausa tana da kalmomi da dama na abin da ke ɗaukar ido, kuma kowace da mazauninta. Walƙiya ta hadari ce, kafin a ƙifta ido ta wuce. Ƙyalli na sabon kwano ne ko na zoben azurfa idan rana ta buge shi. Ƙyalƙyali ya fi kusa da adon da ke ruɗin ido, shi ya sa ba a cika rabe shi da kalmar banza ba. Sheƙi kuwa hasken da ya kwanta a jikin abu ne ya zauna, kamar na rawani ɗan Kura, ko na gadon bayan dokin da ya sha kiwo. A kan wannan na ƙarshe nake son in yi magana, kuma wurin da zan neme shi wuri ne da malamai ƴan'uwana ba su cika kai ido ba, wato jikin ƴan motocin da yaranmu ke ƙerawa da hannunsu.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Magarya ko ta Dungas ya san motar kara. Da an gama girbi, an ɗaure dammuna, sai yara su faɗa wa karan dawa, su feƙe ɓawo su yi ƙusoshi da shi, su yanka totuwa su yi gangar jiki. Daga kara aka koma waya, daga waya aka koma gwangwanin madara da na tumatir, tayoyi kuwa daga tsofaffin silifa ake yanko su. Yaro ba ya ƙera motar da bai gani ba. Abin da yake kwaikwayo shi ne manyan motocin da ke kwasar gyaɗa da wake da raken fadamun Korama, da waɗanda ke bi ta Dungas zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. A zamanin ƙuruciyarmu sarauniyar hanya ita ce Peugeot 504, wadda muke ce wa Fijo, wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta cika hanyoyin iyaka da ita. Yaran yanzu sun fi karkata ga Hilux.

Wannan wasa yana da ƴan'uwa a nesa. A Ingila an fara sayar da ƴan motocin Dinky Toys a 1934, a Faransa aka kafa Norev a 1946, Majorette ta biyo baya a 1961. A can, dattawa masu furfura ne ke kafa ƙungiyoyi, suna harhaɗa ƴan motoci bisa ma'auni tsayayye, suna gasa. Ma'aunin 1/43 yana nufin an rage kowane sashe na motar sau 43. Fijo 504 mai tsawon kusan mita 4 da rabi sai ta dawo santimita 10 da ƴar ɗoriya. Masu wannan sana'a sun yi ittifaƙi cewa matakin da ya fi ba da wuya shi ne fenti, kuma lissafi kaɗai ya isa ya nuna dalili. Ƙwayar yashi mai rabin milimita idan ta maƙale a jikin ƴar mota ta wannan ma'auni, daidai take da tsakuwa mai fiye da santimita 2 a jikin motar gaske. Ƙaramin abu ba ya ɓoye aibi, faɗaɗa shi yake yi.

To, daga ina sheƙi ke fitowa? Yawancin mutane suna zaton a cikin gwangwanin fenti ake sayo shi. Ilimin haske ya ce daga shimfiɗa yake fitowa. Idan haske ya sauka a kan abu mai tudu da kwari, komai ƙanƙantarsu, sai ya watse ta kowace fuska, ido ya ga abin a dushe. Idan kuwa ya sauka a kan abin da ya yi sumul, sai ya koma gaba ɗaya ta fuska guda, kamar yadda ruwan tafki ke mayar da hoton gajimare da safe kafin shanu su dama shi. Tsayin igiyar hasken da ido ke gani bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, saboda haka sai kaushin shimfiɗa ya gaza wannan kafin ta zama madubi. Fenti rufi ne kawai. Duk abin da ke ƙarƙashinsa zai bayyana, kamar yadda riga ba ta ɓoye doro.

Abin da ya ja hankalina a nan shi ne, kakanninmu sun san wannan ƙa'ida da hannu tun kafin a rubuta ta a littafi. Masu bugu a Kura, kusa da Kano, ninke turkudi suke yi a kan gungume, su yi ta dukansa da tabarya har zaruruwan su kwanta, shuni ya koma kamar ƙarfe. Matan da ke daɓe ɗaki suna bugun ƙasa da madaɓi kwana da kwanaki, suna yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, har daɓen ya yi santsi ya yi duhu yana ɗaukar ido. Mai ginin tukwane tana goge jikin tulu da ɗan dutse mai sulɓi kafin a kai shi wuta. Alaramma yana zuba ƙaro a tawada don ta kama allo ta yi sheƙi. A duk waɗannan, aikin ɗaya ne: a kwantar da abin da ya tashi, a cike abin da ya lotsa, a maimaita ba gajiya. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, in ji masu iya magana. Ni kuwa na ce shi ke sa dutsen sheƙi.

Kayan aikin da masu ƴan motoci suka fi dogara da shi shi ne wanda Faransawa ke kira aérographe, sunan da ya samo asali daga kamfanin da Charles Burdick ya kafa a Landan a 1893. Ni a aji “alƙalamin iska” nake ce masa, domin riƙon alƙalami ake yi masa, kuma da iska yake rubutu. Yana da ɗan kurtu na fenti, da allura a cikin wani baki da faɗinsa bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin goma na milimita ba. Iskar da injin matsi ke turowa tana wucewa da gudu ta bakin, ta ja fentin, ta farfasa shi ya zama hazo. Wanda ya taɓa riƙe tsohon famfon feshin sauro ya riga ya san sirrin, domin ƙa'idarsu ɗaya ce.

Aikin kansa hawa-hawa ne. Da farko a wanke jikin motar da sabulu, don maiƙon yatsa kaɗai yana hana fenti kamawa. A cike ramuka da mastik, a goge da takardar yashi, a fesa fentin share fage mai ruwan toka, wanda ke tona kowane tabo. A sake gogewa da takarda mai lamba 800 ko 1000, a jiƙe da ruwa. Sannan a tsinka fentin launi har ya yi kaurin madarar shanu, a riƙe alƙalamin kamar taƙi ɗaya ko ƙasa da haka daga jikin motar, a fara fesawa tun kafin hannu ya iso kanta, kada a saki sai ya wuce ta. Shafe biyu ko uku na farko ƴan siraran hazo ne, ana jira tsakaninsu. Na ƙarshe shi ne jiƙaƙƙe, wanda ake so ya malala ya daidaita kansa, kuma a nan gwaninta take: in an yi nisa, fentin ya bushe a iska ya sauka da gurji-gurji kamar ɓawon lemo, in an matso da yawa ko an tsaya wuri ɗaya, ya zubo da hawaye. Bayan launi sai man rufi mai garai-garai. Daga nan a kulle motar a manta da ita kwanaki, wani fentin ma har mako ko fiye, kafin a dawo da takarda mai lamba 2000, da 3000, a yi ta hawa, a ƙarasa da man gogewa da tsumma mai laushi. Fesawar ba ta cin minti goma. Shiri da jira da guga su ke cinye makonni.

A ƙasarmu kuma akwai abokin gaba na musamman, wato yanayi. Wani mai fentin motoci da nake zama a inuwar garejinsa in an tashi daga makaranta ya taɓa zayyana mini shi. Ya ce: “Malam, lokaci uku gare mu, kowane da mugun halinsa. Hunturu ƙura, bazara zafi, damina raɓa.” Gaskiya ya faɗa. Da hunturu buji yana shiga ko da ta kafar makulli ne. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fenti yana bushewa kafin ya kai jikin ƙarfe. Da damina kuwa laima tana shiga ƙarƙashin man rufi ya yi fari-fari kamar idon makaho. Maganinsa shi ne sammako: yana fesawa bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi, bayan ya yayyafa wa ƙasan garejin ruwa don ƙura ta kwanta. Bai taɓa karanta littafin kimiyya ba, amma babu abin da ya faɗa da littafin zai musa.

Na ga irin wannan basira a hannun wani ɗalibina ɗan aji uku na kwaleji, yaro mai shiru-shiru wanda makinsa na shifta ba ya faranta ran kowa. Wata rana ya zo da motar ɗaukar kaya ta gwangwanin madara, shuɗiya, kana ganin fuskarka a ƙofarta. Na tambaye shi yadda ya yi. Ya ce: “Mushe, da bututun biro biyu.” Ya kafa ɗaya a tsaye cikin kwalbar fenti, ya ɗora bakin ɗayan a kan nasa a kwance, yana tura iska da famfon keke. Gwangwanin kuwa sai da ya baje shi a kan turmi, ya murje shi da gindin kwalba har lanƙwasar ta mutu. Da ya gama fesawa sai ya kifa wa motar roba a ƙarƙashin gadon mahaifiyarsa, ya yi kwana biyar bai buɗe ba, daga baya ya goge ta da man goge haƙori. Na sa shi ya tsaya gaban allo ya bayyana wa ƴan ajin, da Hausa tukuna, sannan da Faransanci. Yaron da ba ya iya haɗa jimla uku a kan hutun ƙarshen shekara ya yi kusan rabin awa yana magana a tsare, da farko da tsakiya da ƙarshe, saboda yana faɗin abin da hannunsa ya sani.

Wajibi ne in yi gargaɗi a nan, tun da yara ake magana. Tururin tina da na fenti guba ne ga huhu da ƙwaƙwalwa. Kada a fesa a cikin ɗaki rufe, kada a yi kusa da murhu, kada kuma yaro ya busa da baki. Fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa maganin ƙarfafawa, ba na yara ba ne sam, don tsumma a hanci ba ya tare shi. Gwangwanin maganin ƙwari na gona kuwa ko an wanke shi bai halatta ya zama abin wasa ba. Fentin da ake tsinkawa da ruwa ya wadatar, kuma malami ko babba ya kasance a wurin.

Abin da ke damuna shi ne, wannan sana'a tana ja da baya a idonmu. Motocin roba masu araha sun cika kasuwanni, suna zuwa da ƙyalƙyalinsu daga masana'anta, su karye kafin sati. Yaron da aka saya wa irinsu ya sami abin wasa, amma ya rasa awo da yanka da jira. A gida kuma, in an ga yaro da almakashi da gwangwani, sai a ce ya bar shiririta ya ɗauki littafi, alhali a cikin wannan shiriritar akwai lissafin ma'auni, da ilimin haske, da na iska, da tarbiyyar haƙuri wadda babu darasin da ke koyar da ita da baki.

Ƙasarmu ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Matsayi a takarda abu ne mai kyau, amma harshe yana rayuwa ne da abin da ake iya faɗa da shi. In har za mu koyar da kimiyya da Hausa, ba sai mun zauna a ofis mun ƙago dukkan kalmomi ba. Da yawansu suna nan a bakin masu bugu da masu daɓe da maƙera da masu fenti: sulɓi, kaushi, tsinkawa, malala, kamawa, dushewa. Namu shi ne mu je mu tattaro su, mu daidaita, mu shigar da su aji.

Saboda haka ina kira ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu na Magarya da Dungas, daga Bande zuwa Waca, daga Guci zuwa Malawa, da mu ware wa wannan aiki wuri a bukukuwan makarantu, kusa da wasan kwaikwayo da waƙa. A yi gasar ƴan motoci, a gayyato masu fenti da maƙera su zauna cikin alƙalai, a kuma sharɗanta wa kowane yaro ya rubuta shafi guda da Hausa yana bayyana yadda ya yi aikinsa, mataki bayan mataki. Kada a ba da lada don tsadar fenti. A duba shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya koyi jiran fenti ya bushe ba zai yi wa sauran ayyukan rayuwa gaggawa ba. Allah ya sa mu dace.