Sunan Da Za A Iya Kira

Shekara 9 muka yi da aure kafin Ubangiji ya ba mu haihuwa. Tun ba a kai ga haka ba mun riga mun ajiye suna: in mace ce, za ta ci sunan tsohuwarmu, wato Saratu. Ita ce ta fara bin Almasihu a gidanmu can ƙauye a ƙasar Bebeji, ita ce kuma ba ta gaji da yi mana addu'a ba duk shekarun nan.

Da aka sauka lafiya, kwana uku kafin suna, sai mai ɗakinmu ta ce, "Malam, yaya zan kira yarinyar nan?" Nan muka yi shiru. Kowa ya sani mace ba ta faɗin sunan uwar mijinta, saboda kunya. Wanmu da ke Doguwa ya sa wa 'yarsa sunan nan, ga shi yau ta kai aure, ba mai kiranta da shi. Mama ake ce mata. Sunan yana kwance a takardar makaranta kawai.

Kawunmu ya zo daga Ƙiru ya ce lalle a maimaita sunan. Muka tuna haka dangin Zakariya suka so yi cikin Luka sura 1, suna neman suna daga cikin dangi. Amma ba mu so mu ɓata wa kowa rai ba. Sai muka ɗauki Littafi Mai Tsarki da dare, muka shiga neman suna mai kama da nata.

Da fari muka bi amo: Rifkatu, Lai'atu, Hannatu, Alisabatu. Tun fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 masu bi suke sa wa 'ya'yansu waɗannan. Rifkatu ta ba mu dariya, gama ita ce surukar Saratu. Sa'an nan muka bi ma'ana. Saratu a Ibrananci gimbiya ke nan, amma Gimbiya ta yi wa gidan malamin makaranta nauyi.

Daga baya muka bi labari, a nan ne hankalinmu ya kwanta. Saratu ta jira har ta kai shekara 90 kafin ta haifi Ishaku. Hannatu ma ta jira, tana kuka a gaban Ubangiji a Shilo, har ya ba ta Sama'ila. Ma'anar sunanta kuwa alheri. Amo ya yi kama, jira ya yi kama, ga shi kuma uwar yarinya za ta iya faɗinsa da ƙarfi a tsakar gida.

Muka je wurin tsohuwa da fargaba, muka gaya mata. Ta ce, "Ɗana, ni ba maimaita ni nake so a yi ba. A bar ta ta san Wanda na sani." Ranar suna, a nan Tudun Wada, da fasto ya faɗi sunan, ita ce ta fara guɗa.

'Yan'uwa masu jiran haihuwa, in akwai sunan da kuke ƙauna amma wani dalili ya hana, ku tambayi kanku abin da kuke ƙauna a cikinsa. In hali ne, ku nemi wadda ta yi halin nan cikin Maganar Allah. Akwai kuma namu na Hausa: Alheri, Murna, Godiya, Salama. Ku zaɓi wanda za a riƙa kira safe da yamma, wanda kuma za ku iya ba ta labarinsa ran da ta tambaya.

Ubangiji ya raya mana su cikin tsoronsa. Amin.