Zango: Kwana Biyu Tsakanin Gwandu da Kalgo

Kalmar zango tana nan a bakinmu, amma ma'anarta ta asali ta kusa kuɓuce mana. Ɗalibaina sun san zangon karatu na ɗaya da na biyu, 'yan siyasa kuma ba su da zance sai na neman zango na biyu. Kaɗan ne daga cikinsu za su iya gaya maka cewa zango wuri ne da ayari yake sauka, a sauke wa jakuna kaya, a hura wuta, a kwana, kafin a tashi da asuba. Fataken da suke bin hanyar Gwanja sayo goro ba da tsawon hanya suke lissafin tafiya ba, da yawan zango suke yi, kuma madugun kirki shi ne wanda ya san inda ruwa yake da inda ake da aminci. Daga wannan al'ada ce unguwannin Hausawa a Kumasi da Salaga da Kwatano da Lome suka samo sunan da ake kiransu da shi har gobe.

Mu kuwa yau tafiya ta zame mana tsere. Mutum ya tashi daga Sakkwato da sassafe, ya ɗaure fuska, ya taka mota, ba ya tsayawa sai a gidan mai, ya kuma haɗa azahar da la'asar a tsaitsaye. Garuruwan da ya ratsa ba su wuce allunan suna da tudun rage gudu a wurinsa ba. Wani ɓangare na wannan gaggawa hali ne da muka koya, amma babban ɓangarenta tsoro ne: kowa yana son ya isa kafin rana ta faɗi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta daɗe tana gargaɗi a kan tuƙi cikin gajiya, sai dai direban da yake gudun dare ba ya jin wannan kira.

A hutun hunturun da ya wuce wata hidimar zumunci ta kira ni Yawuri. Tafiya ce ta wuni guda daga Sakkwato, amma ni da wani abokin aikina mai koyar da labarin ƙasa muka shirya mu raba ta uku, muka kuma ɗauki ɗana mai shekara goma sha huɗu. Turawa suna da al'adar ɗaukar tanti su bi hanya, su kwana a ƙananan garuruwan bakin teku. Mu ba mu da teku, amma muna da fadama, muna kuma da abin da ya fi tanti daɗewa a ƙasarmu, wato mai masauki. Kafin mu tashi sai da muka tambayi mutanen da suka san yankin yadda hanya take, wani tsohon ɗalibina kuma ya sanar da danginsa zuwanmu. Guzurinmu bai wuce tabarmi uku, barguna, gidan sauro, ƙaramin tanti, buta, tukunyar shayi da jarkar ruwa ba.

Gwandu ba a bakin babban titi yake ba, sai ka ratse daga hanyar Sakkwato zuwa Jega kafin ka kai gare shi. Watakila shi ya sa da yawanmu muka san sunan ba mu san garin ba. Idan aka ce Sarkin Gwandu, hankalin mutum Birnin Kebbi yake tafiya, domin can fadar ta koma bayan zuwan Turawa a 1903. Amma a wannan gari da yake kwance tsakanin tuddai Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sauka da jama'arsa a 1805, daga nan kuma ƙanensa Malam Abdullahi ya riƙe yammacin Daular Usmaniyya, a nan aka yi masa makwanci. Mun isa bayan la'asar, muka ziyarci hubbarensa, muka yi addu'a. Ɗana ya daɗe yana dube-dube, sannan ya ce da ni, "Baba, ai na ɗauka wurin zai fi haka girma." Na ce masa mai wurin ma bai so girman gini ba, takardunsa ne suka yi girma.

A tarihin Malam Abdullahi kansa akwai darasin zango. Wajen 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin masu jihadi, sai ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa Makka. Ya yada zango a Kano, mutanen gari suka roƙe shi ya zauna ya karantar da su, a wannan zama ne ya rubuta Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo gida. Haka kuma a 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarimu, ya sauka a Gwandu a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. A nan wani malami ya ara masa kwafin Tarihus Sudan, ya shafe kwanaki yana kwafar abin da ya iya, ta haka masanan Turai suka fara sanin tarihin daular Sanwai daga alƙalamin 'yan ƙasa. Dukansu biyu wata ƙasa suka nufa, kuma dukansu a inda suka tsaya suka sami abin da ake tuna su da shi.

Da magariba ta yi, dattijon gidan da aka haɗa mu da shi ya nace sai mun kwana a ɗakin baƙi. Na ce, "Baba, a gafarce mu, sararin Allah muke marmari, in za a ba mu aron ƙofar gida." Ya yi dariya ya ce, "To, Malam, ku zamna inda kuka so. Amma wanga gari ba a kwana da yunwa cikinai." Kafin mu gama kafa tanti a gindin dogon-yaro, an kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da ƙwaryar fura. Bayan isha'i maƙwabta suka taru a kan tabarmarmu, aka ɗora shayi, aka yi hirar farashin albasa da ta yaran da suka tafi Legas neman kuɗi. Daga nesa muna jin karatun almajirai a bakin wuta. Can wajen ƙarfe goma gari ya yi tsit, irin shirun da mazaunin birni ya manta akwai shi: babu janareta, babu hon, sai kukan jaki jefi-jefi. Na yi barcin da na shekara ban yi irinsa ba.

Washegari muka biyo ta Jega, maimakon mu miƙe kudu sai muka karkata hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo. Ratse ne, ba hanya ba, abokina ne ya so ɗana ya ga fadamar Gulbin Rima da idonsa. Kalgo ta fi Gwandu motsi, musamman tun da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ta sami mazauninta a wannan yanki. Amma da ka bar kwalta ka gangara, sai duniya ta sauya. Fili ne shimfiɗaɗɗe iya ganinka, koren shinkafar rani a ƙasa, farin hazo a sama, balbelu suna bin sawun shanu. Ɗana ya ce kamar teku, ko da yake bai taɓa ganin teku ba.

Da izinin mai unguwa muka sauka a kan wani tudu kusa da bukkar masu gadin gona. Su ne suka zama masu masaukinmu na biyu. Suka gasa mana tarwaɗa, mu kuma muka zuba shayi. A wannan dare na ji bayanin noman shinkafa da ban taɓa ji a taron ƙara wa juna sani ba. Kowa ya san a Jihar Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a 2015, an kuma sha labarin buhunan da aka tara. Abin da ba a cika ji ba shi ne lissafin mai gona ɗaya: injin ban-ruwa da fetur yake aiki, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin ban-ruwa ya zama shi ne ke yanke hukuncin faɗin gonar da mutum zai noma, mai hali ya koma injin hasken rana, marar hali ya rage fili, da damina kuma gulbin da yake ciyar da su shi ne yake iya tafiya da amfanin shekara a dare ɗaya. Wani matashi a cikinsu ya tambaye ni, "Malam, ku da kuke jami'a, wannan duk kuna rubuta shi?" Tambayar tana nan tare da ni a duk lokacin da na zauna duba kundin binciken ɗalibi.

Ba ina kira ga mai karatu ya ɗauki tabarma ya kwana a duk inda dare ya riske shi ba. Akwai sassa a Kebbi da Zamfara da Sakkwato da Katsina inda mai gida ma ba ya kwana a gidansa da ido biyu rufe, balle baƙo. Zango na da sharuɗɗa tun zamanin fatake: a yi tambaya kafin a tashi, a sauka da rana, a nemi izinin shugaban wuri, a san a hannun wa ake. Abin da nake cewa shi ne, wannan kwana biyu ya nuna mini ma'aunin zaman lafiya da ya fi jawabin kowane jami'i gaskiya. Ƙasa tana lafiya ne idan baƙo zai iya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan wanda bai sani ba, mai gidan kuma bai ji tsoron buɗe masa ƙofa ba. 'Yan bindiga ba shanu da rayuka kaɗai suka ɗauke mana ba, sun sa mun fara kallon baƙo a matsayin ɗan leƙen asiri, alhali addininmu ya ware wa matafiyi kaso a zakka, al'adarmu kuma ta ce baƙonka annabinka.

Inda wannan aminci ya rage, kamar yadda muka tarar a Gwandu da Kalgo, bai kamata a bari ya mutu don rashin amfani ba. Ƙananan hukumomi da masarautu za su iya keɓe fili mai shinge, da ruwa da makewayi da mai gadi, a garuruwa masu tarihi, ba sai an jira otal ba. Mu malaman jami'a kuma muna da namu nauyin: ɗalibin da zai rubuta kundi a kan Malam Abdullahi ya kamata ya kwana a Gwandu, wanda zai yi a kan shinkafa ya ji sanyin fadama a ƙashinsa. Yaran da muke reno a bayan gilashin mota za su gaji ƙasar da ba su taɓa taka ta da ƙafa ba, kuma da wuya mutum ya kare abin da bai sani ba.

Allah Ya dawo mana da zamanin da matafiyi zai ce dare ya yi, bari in sauka a garin nan, ba tare da gabansa ya faɗi ba.