Zaure Da Baƙon Hanya

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a cikin jaridar nan tamu mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana malamai da akawuna a kan wata al'ada da ke shirin ɓacewa muna kallo, watau saukar baƙon hanya a gida.

Duk wanda ya zaga Hunkuyi, ko Kudan, ko Likoro, ko Makarfi, ya dubi sababbin gidajen da a ke ginawa, abu guda zai gani: doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, babu zaure. Magini ya ce fili ya yi tsada, maigida ya ce zamani ya lalace, kowannensu kuwa da gaskiyarsa. Amma kafin mu rushe 'yan zaurukan da suka rage, ya kamata mu tuna da aikin da zaure ya yi wa ƙasar nan, gama da shi talakawanmu na dā suka isa Makka, alhali ba su da kuɗin jirgi.

Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda suka tafi Hajji da ƙafa. Ya bar garin nan zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959. Guzurinsa jaki ɗaya, da buta, da 'yar jakar allura da zare, don shi maɗinkin hula ne. Sai da ya shekara bakwai kana ya komo. Na riske shi da tsufa, na kuma lura da wani abu game da hirarsa. In an tambaye shi labarin hanya, ba ya daɗewa a kan yunwa ko ƙishirwa ko 'yan fashi, sai ya shiga lissafin masu masaukinsa ɗaya bayan ɗaya, gari gari, yana yi wa kowa addu'a. Ya kan ce mini, "Kai yaro, ƙafa ce ta yi tafiya, amma gidajen mutane ne suka kai ni."

Ga yadda hanyar ta ke. Daga ƙasar Zazzau a bi ta Kano ko ta Jos a faɗa Barno, a huta a Yerwa. Daga nan sai Dikwa, sai Kusuri, a ƙetare ruwa a shiga Fot Lami, wadda aka sake wa suna Njamena a 1973. Sa'an nan a miƙe gabas ta Ati zuwa Abeshe ta ƙasar Wadai, a shiga Sudan ta Jinaina, a wuce Fashir da Nahud, har Ubayyid, inda hanyar jirgin ƙasa ta iso tun 1912. Mai hali ya hau jirgi daga nan, marar hali ya ci gaba da sayyada, har Allah ya kai shi Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda a ke tsare alhazai a duba lafiyarsu kafin su ƙetare zuwa Jidda. Tafiyar ta ɗara mil 2,000, galibin masu yinta kuwa ba su ɗauki guzurin da zai kai su ko rabi ba.

To, yaya suka yi? A manyan garuruwan hanyar akwai zangon Hausawa da shugabansu. Baƙo ya iso da la'asar, ƙura har gira, sai ya tambayi gidan sarkin zango. Shi kuwa ya tambaye shi garinsu, da sana'arsa, da wanda ya sauka wurinsa a zangon baya, kana ya haɗa shi da wani maigida, wanda Barebari ke kira fatoma. Maigidan nan ya ba shi ɗaki ko gefen zaure, uwargida ta aiko da ruwan wanka da tuwo, a kwance wa jaki kaya a ba shi harawa. Ba a yi masa maganar kuɗi a daren nan.

Aikin maigida bai tsaya ga tuwo da tabarma ba. Shi ne tafintan baƙo, don daga Fot Lami zuwa gaba Larabci ne harshen kasuwa. Shi ke karɓar ajiyar 'yan kuɗinsa, shi ke tsaya masa gaban hukuma in an nemi takarda, shi ke nema masa aikin da zai tara na gaba, ko ƙodago, ko ga-ruwa, ko wanzanci, ko ɗinki. In baƙo ya zo da haja, maigida ya sayar masa ya ɗauki la'ada, a nan ne ya ke samun ɗan abin da ke riƙe gidan. In ayari zai tashi, ya damƙa shi ga madugu, ya kuma gaya masa sunan wanda zai nema a zango na gaba. In ciwo ya kama shi, matan gidan ne masu jiyya. In kuwa ajali ya riske shi, maigida ya yi masa sutura, ya riƙe abin da ya bari, har a sami mai komawa gida a aika wa magada.

Kakana ya ce a Abeshe ya yi damina biyu a gidan wani Bakatsine, yana ɗinka huluna a zaure, maigidan na kai masa kasuwa. Ran da zai tashi, aka ƙidaya masa ajiyarsa ba ta yi ciwon kai ba, uwargidan kuma ta ƙulla masa garin gero da yaji a tsumma. Shi kansa Bakatsinen nan niyyar Hajji ce ta fito da shi, iyali suka yi yawa, ya zauna. Haka da yawa daga cikin masu saukar baƙin nan su ke: alhazai ne da hanya ta riƙe, suka zama tsani ga na bayansu. A Sudan ma akwai garuruwan da mutanenmu suka kafa, kamar Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka zama wurin da dubban alhazanmu ke tsayawa su nemi kuɗin jirgin ruwa.

Sannu a hankali aka sami sauƙi. A 1948 waɗansu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmudu Ɗantata, suka kafa ƙungiyar ɗaukar alhazai a mota. Daga baya jirgin sama ya karɓe aikin, gwamnati ta kafa hukumar alhazai a 1975, aka sake mata tsari a 2006. Yau mutum ya karya kumallo a Kano, ya yi sallar la'asar a Jidda. Wannan ni'ima ce, mun gode wa Allah, ba kuwa mai hankalin da zai ce a koma wa tafiyar ƙasa, balle ga yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023, wanda ya ɗaiɗaita Jinaina da Fashir, Allah ya kawo musu sauƙi. Abin da na ke jin tsoro shi ne kada mu jefar da halin tare da hanyar.

Ku dubi mutanen Japan, waɗanda suka fi mu jiragen ƙasa masu sauri nesa ba kusa ba. A tsibirinsu na Shikoku akwai hanyar ziyara ta mabiya addinin Buda, mai wuraren ibada 88, tsawonta wajen mil 750, suna danganta ta ga wani malaminsu Kukai, wanda ya mutu a 835. Har yanzu akwai masu zaga ta da ƙafa, da farar riga da malfa da sanda, su yi wajen wata ɗaya da rabi. Da yawansu a gidajen iyali su ke kwana, waɗanda su ke kira minshuku. Matafiyi ya buga waya tun da wuri ya ce yana tafe. In ya iso ya tuɓe takalmi a ƙofa, a ba shi ruwan wanka mai zafi, a yi masa shimfiɗa a ƙasa bisa tabarma, a ci abincin dare tare, maigida ya kwatanta masa hanyar gobe, da safe ya biya kuɗin da kowa ya sani ya wuce. Mutanen ƙauyuka kuma su kan tare mai ziyara da lemo ko shayi kyauta, ba a kuwa so ya ƙi karɓa. Su ma tsufan masu gidajen ya sa waɗansu sun rufe, amma al'adar tana nan da ranta. Ba addininsu na ke yabo ba, riƙon da suka yi wa baƙon hanya na ke nuna muku. Mu da aka sanya ɗan hanya cikin mutum takwas masu cin zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba, Annabi kuma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka mana liyafar baƙo kwana uku, ai mu muka fi cancanta da wannan.

Na san abin da za a ce mini: yanzu baƙo abin tsoro ne, wani ɗan leƙen asirin ɓarayin mutane ne, ka ba shi tuwo ya ƙidaya ƙofofinka. Wannan magana ba ƙarya ba ce, ba kuwa na ce kowa ya buɗe ƙofarsa ga wanda bai sani ba. Amma na dā ma ba su sauki mutum da ka ba. Baƙo ta hannun sarkin zango ya ke shiga, da sunan wanda ya aiko shi, mugu kuwa ba ya son inda za a tambaye shi mafarinsa. Wanda ya kwana a tasha ko a rumfar kasuwa, shi ne ba wanda ya san da zuwansa.

Baƙi kuwa ba su daina zuwa ba. Da kaka ga fataken rake da mazarƙwaila da tumatir, ga 'yan ƙodago daga arewa, ga mai jiyya da dare ya yi masa a hanyar asibitin Shika. Shawarata ita ce, a kowace unguwa dattawa su zaɓi gida ɗaya na mutumin kirki mai zaure, da sanin mai unguwa da liman. A ajiye littafi a rubuta sunan baƙo, da garinsu, da lambar wayarsa, da wanda ya san shi. Mai hali ya biya ɗan abin da aka yanka, don kada nauyi ya karya maigida, marar hali a biya masa daga rabon ɗan hanya. Malaman makaranta da akawuna su ɗauki riƙon littafin, tun da alƙalami sana'arsu ce. Mai gina sabon gida kuma ya daure ya bar ɗaki ɗaya mai ƙofa ta waje.

Jikokin waɗanda suka sauki kakanninmu suna can cikin wahala, hannunmu ba ya kai wa gare su sai da addu'a. Amma alheri danƙo ne, bashin da aka ci a Wadai ana iya biyansa a Hunkuyi. Ina roƙon masu karatu na Ikara da Makarfi da sauran wurare, in akwai inda a ke yin irin wannan tsari, su rubuto mu ji yadda su ke yi, mu koya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sāka wa masu saukar baƙi da gidan Aljanna, amin. Wassalam.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta,
Hunkuyi.