Bakan gizon da wuta ke bari a jikin silba

Shagon da na koyi walda a Kano, ta wajen Sharaɗa, da baƙin ƙarfe ya fara: ƙofofi, tagogi, gadaje. Wannan aiki ne mai sauƙin kai, ka yi walda, ka kankare, fenti ya rufa maka asiri. Da aikin silba ya shigo, ƙarfen nan mara tsatsa da ake yi wa matakalar bene makari da shi, ake kuma ƙera tankunan masu yogot da ruwan leda, sai hannun kowa ya fito fili, don shi ba a shafa masa fenti.

Duk inda wutar walda mai gas ɗin agon ta bi sai ta bar launi a gefen ɗinkin, shuɗi a kusa, sannan shunayya, can nesa kuma ruwan ɗorawa, kamar bakan gizo. Mu yaran shago burge mu yake yi. Oga kuwa ƙuna yake kiransa, kuma aiki ba ya fita daga shagon da shi.

Dalilinsa sai daga baya na fahimta. Abin da ke hana silba tsatsa sinadarin kuromiyam ne, wanda ba ya gaza kashi 10.5 cikin ɗari a jikinsa. Samfurin 304 da muka fi aiki da shi yana da kashi 18, da nikel kashi 8. Kuromiyam ɗin ne ke haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani. Idan zafi ya kai wajen digiri 300 sai ruwan ɗorawa ya bayyana, wajen 600 kuma shuɗi. Launin nan kuromiyam ne wuta ta jawo waje ta ƙone, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya rage ba kariya. Daga nan tsatsa ke kamawa.

Wata shekara bayan damina wani Alhaji ya kawo makarin bene da aka yi masa a wani shagon, duk mahaɗar ta yi ɗigo-ɗigon ja. Ransa a ɓace, yana cewa jabu aka sayar masa. Oga ya shafa wurin da yatsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ranka ya daɗe, an goge ƙunar, amma da burushin baƙin ƙarfe aka goge. Ɓurɓushinsa ne ya nutse a ciki yake tsatsa."

Shi ya sa a shagonmu burushi da faifan gurza na silba ƙusarsu daban, kuma yaron da ya taɓa baƙin ƙarfe da su ya san sauran. Alhajin ma dai yana da hujjar zargi, don akan sayar da 201 mai ƙarancin nikel da sunan 304, kuma maganaɗisu ba ya raba gardamar, dukkansu ba ya kama su sosai.

Makarin nan a kansa na fara ganin aikin asid. Wani farin kwaɓi ne mai kauri a robar da Oga ke kullewa a akwati, haɗin asid biyu, naitirik da haidurofulorik. Ba ya barin kowa ya taɓa. Safar roba har gwiwar hannu, tabarau, kuma a waje inda iska ke kaɗawa, da sassafe, domin ranar Kano na busar da shi kafin ya ci. Ya shafa a mahaɗa, aka jira kamar rabin awa, sannan muka yi ta kwarara ruwa, aka zuba farar ƙasa inda ruwan ya taru don ta kashe kaifinsa. Wurin ya fito fari fat amma dusashe, sai da aka bi shi da foli. Tsoron da Oga ke yi wa robar nan ba na banza ba ne: haidurofulorik kan taɓa fata ba a ji zafi nan take ba, ya ratsa nama ya nufi ƙashi, sai bayan sa'o'i ciwon ya taso.

Tankin yogot ya fi ba mu aiki, don can cikin bututu burushi ba ya kaiwa. Sai mu toshe bakin bututun biyu, mu cika shi da agon kafin a kunna wuta, iska ta rasa hanyar shiga. In ba haka ba bayan ɗinkin yakan yi baƙin ɓawo mai kaushi, nono ya maƙale a ciki, wanki ba ya fitar da shi. Masu tanki sun sha ƙorafi a kan kuɗin gas ɗin da ba su ga inda ya tafi ba. Oga sai ya miƙa musu tocila ya ce su leƙa.

Dab da zan bar shagon aka sayo injin goga na lantarki, mai burushin zaren kabon da ake tsomawa a asid mai sauƙi, fosforik. Ka maƙala waya a jikin ƙarfen, ka bi ɗinkin, launin ya ɓace a 'yan daƙiƙu. A ganina ya fi kwaɓin nan alheri nesa ba kusa ba, sai dai baƙin ɓawo mai kauri ya fi ƙarfinsa, dole a fara gurzawa. Ranar da babu wuta kuma janareta ya ƙi tashi, Oga akwatinsa yake buɗewa.